Injin yankan itace mai batir: wanne ya dace da aikin gida da kwanan daji a Jos?

Baban Hanifa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masu sani. Injin yankan itace mai batir nake so, ba na fetur ba. Aikin iri biyu ne: rage rassan mangwaro da fiya da gwaba a cikin gida, sai kuma yanka busasshen itacen hura wuta idan an fita kwanan daji wajen Duwatsun Shere ko gefen Assop. Mafi kaurin abin da za a yanka ba zai wuce cinyar babban mutum ba. A intanet na ga ƙanana masu inci 6 an rubuta musu 48V, wasu har 88V, ga kuma manya masu inci 12 da 14 an rubuta 18V ko 20V kawai. Lissafin ya ɗaure mini kai. Wanne zan ɗauka?

Injiniya:
Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Bari mu fara warware lambobin nan, don a nan ake cin kuɗin mutane.

A cikin kowane batir akwai ƙananan ƙwayoyin litiyam, kowace ɗaya 3.6V ce, idan ta cika maƙil ta kai 4.2V. Biyar ake jerawa. Biyar sau 3.6 ya ba ka 18V. Wani kamfani zai rubuta 18V, wani 20V Max, wani 21V, amma duk ƙwayoyi biyar ɗin nan ne. Shi kuwa ƙaramin injin nan da batirinsa bai kai girman sabulun wanki ba aka rubuta masa 88V, fenti ne kawai. Kafin a samu 88V na gaske sai an jera ƙwayoyi fiye da ashirin, ba za su shiga wannan ɗan akwatin ba. Ka sa mita a bakinsa, ba zai wuce 21V ba.

Abin da za ka duba shi ne yawan wutar da batirin ke riƙewa. Ka ninka V da Ah, wato lambar girman batir da ke rubuce a jikinsa. 18V sau 5Ah, 90Wh ke nan. 18V sau 2Ah, 36Wh. Wannan lambar ce ke gaya maka tsawon aikin da za ka yi. Kuma ga injin yanka kada ka sauka ƙasa da 4Ah. Dalili: batir mai 2Ah layi ɗaya ne na ƙwayoyi biyar, duk wutar da moto ke zuƙa a kansu take, sai su yi zafi batirin ya kashe kansa a tsakiyar itace. Mai 4Ah ko 5Ah yawanci layi biyu ne, ƙwayoyi goma, sun raba nauyin.

Ga aikin da ka faɗa, mai faranti inci 12, wato santimita 30, shi ne daidai. Da faranti ina nufin dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kansa. Ƙa'idar ita ce ya fi kaurin itacen da kamar santimita 5. Cinyar mutum ba ta wuce santimita 20, ka ga akwai rara. Ka tabbata yana da abu uku: moton da ba shi da kabon burosh, a kwali za ka ga an rubuta brushless, tankin mai da ke ɗiga wa sarƙa da kansa, da birkin sarƙa a gaban hannun hagu.

Ɗan Dilimi:
Injiniya, maganar 88V gaskiya ce, amma kada a yi wa ƙananan kuɗin goro. Akwai na kirki a cikinsu. Stihl GTA 26 farantinsa santimita 10 ne, batirinsa 10.8V, bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Milwaukee na da mai inci 6 a jerin M12, shi har tankin mai gare shi. Wanda zai hau Shere da ƙafa, ga tanti ga ruwa ga tukunya a baya, ina zai kai inji mai kilo biyar? Kuma itacen hura wuta ai kaurin damtse ne, ba gungume ba.

Injiniya:
Na yarda da kai a kan nauyi. Idan da kwanan daji ne kaɗai, kuma da ƙafa za a hau, ƙaramin ya isa. Amma ya ce akwai mangwaro mai reshe kamar cinya. Faranti santimita 10 sai ka yanka ta nan ka zagaya ta can, yankan ba ya haɗuwa, ƙarshen farantin kuma yana nutse cikin itace duk tsawon lokacin. Ga shi yawancin ƙananan da hannu ake ɗiga musu mai, mutum ya manta, sarƙa ta bushe. Abin da ya fi damuna da su, rashin nauyinsu na sa mutum ya riƙe inji da hannu ɗaya, ya kama reshe da ɗayan. Hannun da ke riƙe da reshen nan shi ne a bakin sarƙa.

Alhaji Mai Katako:
Salamu alaikum. Ni dai ra'ayina, yaro, ka ƙara tunani a kan na fetur. Sarƙarsa da farantinsa da fulogi duk za ka samu a Jos, masu gyaransa suna nan. Na batir idan allon wutar cikinsa ya ƙone, wa zai taɓa maka? Kuma itatuwanmu ba irin na Turai ba ne. Busasshiyar kirya ko marke ko tsohon turare sai ka ji kamar ƙarfe ake yanka. Adadin yankan da suke rubutawa a kwali, a kan katako mai laushi suka gwada.

Injiniya:
Ranka ya daɗe Alhaji, maganar taurin itace haka take. Misali DeWalt sun ce injinsu mai inci 12 da batir 5Ah yana yanka katako mai inci 4 sau 90 a caji ɗaya, amma katakon gini ne mai laushi. A busasshen turaren Filato mutum ya sa ransa a ƙasa da haka sosai.

Sai dai na fetur yana son mai aiki da shi kullum, irin yaranku na kasuwar Katako. Wanda zai kunna sau ɗaya a wata biyu, fetur ɗin da aka haɗa da man tu-sitirok zai kwana a kafireto ya daskare ya toshe, ranar da ake bukata a yi ta jan igiya. Ga ƙara a cikin unguwa, ga warin fetur a but ɗin mota tare da abinci. Na batir kana sakin maɓalli ya yi shiru, kana jin wanda ke maka magana a ƙasa.

Alhaji Mai Katako:
To, na ji wannan. Amma sharaɗi ɗaya: kada ya biya kuɗi sai ya ga sarƙar canji da idonsa. Inji ba sarƙa, gatari ya fi shi.

Sarƙa lamba uku gare ta, kuma an buga su a gindin faranti. Ta farko tazarar haƙora, a irin waɗannan injinan yawanci 3/8 ƙarama ce ko 1/4. Ta biyu kaurin ƙafar da ke shiga kwarmin faranti, 1.1mm ko 1.3mm. Ta uku yawan ƙafafun, sai ka ƙirga. Mai santimita 30 yakan zo da 45 ko 46, mai santimita 35 da 52, mai santimita 40 da 56. Ko ɗaya ta saɓa ba za ta zauna ba. Idan ka sa 1.1 a kwarmin 1.3 za ta riƙa rawa, yanka ya karkace. Idan ka sa 1.3 a kwarmin 1.1 ba ma za ta shiga ba. Sarƙoƙin manyan injinan fetur da suka cika kasuwa ba sa hawa waɗannan, kada wani ya ce maka a rage tsawonta kawai. Ka ɗauki hoton lambobin a waya, ka sayi sarƙa biyu rana ɗaya da injin.

Oga Mai Sola:
Baban Hanifa, kafin sunan inji ka duba wane batir ke gidanka. Idan kana da dirila ko giranda mai batir na Makita 18V, ko DeWalt, ko Ingco mai batirin jerin P20S, to ka sayi injin kamfanin nan tsirara ba batir, kuɗin ya ragu sosai, don batir da caja su ne tsadar. Makita DUC353 batir biyu na 18V yake ɗauka lokaci ɗaya su zama 36V, farantinsa santimita 35. Inji ne mai ƙarfi, amma ka san cewa batir biyu ne kafin ya motsa, huɗu idan kana son na canji.

Sai babbar matsalar kayan gwanjo. Caja da aka yi don Amurka 120V take ci, wutarmu 230V ce. Kana soka ta a bango za ka ji ƙara, hayaƙi ya tashi, shi ke nan. Ka juya bayanta ka karanta. Idan 120V kaɗai ka gani, sai da taransifoma mai rage wuta, mai ɗaukar aƙalla 500W don a samu sarari. Idan ka ga 220 zuwa 240V, ko 100 zuwa 240V, lafiya lau. Batirin kansa babu ruwansa da ƙasar da ya fito, cajar ce kawai.

Idan wani ɗan uwa ne zai taho maka da shi ta jirgi, batir ba ya shiga akwatin da ake aunawa, sai jakar hannu, kuma wanda bai wuce 100Wh ba shi ne ke wucewa ba tare da neman izinin kamfanin jirgi ba. Mai 18V 5Ah 90Wh ne, ya shiga.

Baban Hanifa:
Allah ya saka da alheri. Oga, a daji fa, yaya ake caji? Kwana biyu ake yi.

Oga Mai Sola:
Kwana biyu, wutar girki da ta jin ɗumi, batir biyu masu 5Ah da aka cika daga gida sun wadatar in dai sarƙa na da kaifi. Amma in dole sai an yi caji, kada ka soka inbata a ramin kunna sigari na mota ka ɗora caja mai sauri. Ramin nan fis ɗinsa yawanci 10A ne, sau 12V, 120W ke nan. Caja irin Makita DC18RC da ke cika 5Ah cikin minti 45 tana jan fiye da 200W. Fis zai tsinke. Ko dai ka maƙala inbata kai tsaye a kan batirin mota, injin motar na aiki, ko ka sayi cajar mota ta kamfanin. Makita na da DC18SE, DeWalt na da DCB119, suna ja a hankali. Inbata kuma ta zama mai tsabtatacciyar wuta, wadda ake rubuta wa pure sine wave, ƙananan masu arha suna sa wasu cajoji zafi ko su ƙi karɓa.

Zafi da sanyi ma a kula. Littafin Makita ya ce a yi caji tsakanin digiri 10 da 40. Asubar hunturu a Jos, Disamba da Janairu, a kan tudu takan sauka ƙasa da goma, don haka batir ya kwana cikin tanti a jaka, ba a kan dutse ba. Da rana kuma kada a bar shi a mota a kulle. Wanda aka cire daga inji da zafinsa a bar shi ya huce kafin caji. In za a ajiye wata da watanni, a bar shi a rabin caji, a cire shi daga jikin inji.

Jabun batir kuma sikeli ke tona shi. Ƙwaya ɗaya kusan giram 45 ce, goma giram 450, da akwati ya haura giram 600. Wanda aka rubuta wa 5Ah ko 6Ah ka ji shi sakayau a hannu, ajiye musu kayansu.

Ɗan Dilimi:
Maganar mai fa? Man sarƙa na asali ba ko'ina ake samu ba. Masu yankan katako baƙin man da aka juye daga mota suke zubawa, aiki na tafiya.

Injiniya:
Kada ka koya masa wannan, Malam. Tsohon baƙin mai cike yake da garin ƙarfe da toka. Famfon man waɗannan ƙananan injinan ɗan mitsitsi ne, ramin da man ke bi ya fito kan faranti bai wuce kan allura ba, nan da nan yake toshewa. Kuma duk man da sarƙa ta ɗauka watsa shi take yi, a kan tufafinka, a kan mangwaron da yara za su sha, a kan itacen da za a gasa nama. Man sarƙa na asali yana da danƙo, shi ya sa yake manne wa sarƙa har ta zagayo ƙasan faranti inda ake yankan. In ba a samu ba, sabon man inji mai tsabta ya fi tsoho nesa ba kusa ba. Man gyaɗa ma yana fitar da mutum kunya na yini ɗaya, amma a juye shi bayan aiki, in ya kwana biyu yana zama ƙaro ya riƙe sarƙa. Manja kuwa ko kusa, sanyin Jos zai daskarar da shi cikin bututu.

Gwaji: ka nuna bakin faranti ga kwali ko bango, tazarar taki ɗaya, ka kunna daƙiƙa goma. Ka ga siririn layin mai, to yana zuwa. Ba ka gani ba, cire batir, cire faranti, share ramin da kwarmin da siririyar waya. Duk canjin batir ka duba tanki. Kuma duk irin injinan nan suna ɗan zubar da mai in an ajiye, a shimfiɗa kwali ƙarƙashinsa a but.

Malamin Daji:
Assalamu alaikum. Zan ƙara a kan abin da ke kashe kaifi a dajinmu, don littattafan da ke zuwa da injin ba su san shi ba: gara. Busasshen itacen da ya daɗe a ƙasa, gara ta cika cikinsa da jar ƙasa. Daga waje lafiya lau, kana shiga sarƙa na cin yashi. Yanka biyu uku ta dakushe. Ka ƙwanƙwasa da bayan adda, in ya yi ƙarar kogo ko ƙasa ta zubo, bar shi, ko ka karya shi da ƙafa. Wanda ke da laka a ɓawo, ka feƙe wurin da adda tukuna. Kada bakin faranti ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya, ƙasar Filato tsakuwa ce da yashin kuza. Ɗora itacen a kan wani itace.

Sannan izini. Ɗanyar bishiya a gandun daji ko wurin shaƙatawa ba a taɓa ta. Filin da kake gani kamar ba mai shi, yana da mai shi, kuma busasshen itacen cikinsa wata ce ke jiran ta ɗauka ta yi girki. A gaida dagaci ko mai unguwar wurin a tambaya. Kaɗanya da ɗorawa ko sun yi kama da matattu a rani, da ransu. Kafin a kunna inji kusa da bishiya mai kogo a ɗaga kai a duba zuma. Da rani a share ciyawa kewaye da murhu, a kashe wuta da ruwa kafin a tashi.

Maman Sadiq:
Sannunku da ƙoƙari. Tambaya biyu. Mace za ta iya riƙe mai inci 12 ɗin? Kuma za a iya rage shingen ƙerana da shi? Ya yi tsawo ya rufe hanya.

Malamin Daji:
Hajiya, ƙerana kada a kusance ta da injin. Farin ruwanta guba ne ga ido, sarƙa kuma feshi za ta yi da shi kai tsaye zuwa fuska. Adda mai dogon ƙota, tabarau mai rufe gefe, riga mai dogon hannu, a tsaya ta inda iska ke fitowa. In ya shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta ba tsayawa, a tafi asibiti.

Injiniya:
Nauyin kuwa kilo 4 zuwa 5 ne da batir. Duk wanda zai iya riƙe galan ɗin ruwa mai lita biyar a gabansa na minti ɗaya zai iya, mace ko namiji. Abin koyo shi ne tutsu. Rubu'in sama na bakin faranti, in ya taɓa itace ko bango sarƙa na gudu, injin yakan yi tsalle sama ya yo baya wajen fuska, kafin ƙiftawar ido. Shi ya sa hannun hagu ke kan mariƙin gaba, babban yatsa ya zagaye ta ƙasa, gwiwar hannu a miƙe, jiki kuma a ɗan gefe, ba a saitin faranti ba. In ya yi tutsu, bayan hannun ya bugi birki sarƙa ta tsaya. A gwada birkin kafin kowane aiki. Ba a yanka sama da kafaɗa, ba a yanka a kan tsani. Reshen da ya fi ƙarfin tsayuwa a ƙasa, a nemo zarto mai doguwar sanda ko a kira masu hawa.

Rashin ƙararsa ma haɗari ne a gida mai yara, don ba a gane a shirye yake. Ana ajiyewa a cire batir a sa a aljihu. Tabarau, safar hannu, takalmi mai ƙarfe a baki, ba silifa ba. Babbar riga, rawani, gyale mai lilo, duk a cire ko a ɗaure.

Alhaji Mai Katako:
Reshen mangwaro yanka uku ake masa, in ba haka ba ya ɓalle ya salluɓe ɓawon uwar har ƙasa. Na farko daga ƙasa, kamar kamu ɗaya daga jikin bishiya, ka ci kashi ɗaya cikin uku. Na biyu daga sama, ɗan gaba da na farko da yatsu uku, reshe ya faɗi. Na uku ka cire kututturen da ya rage, ka bar ɗan kumburin nan na gindin reshe, da shi bishiya ke rufe ciwon. Bishiyar cikin gida kuma a duba ƙusa da wayar shanya da ɓawo ya haɗiye.

Gungumen da ke kwance kan tallafi biyu, tsakiyarsa a sama, fara daga sama kashi ɗaya cikin uku, ka gama daga ƙasa. Wanda gefe ɗaya ke lilo, fara daga ƙasa, gama daga sama. In ka juya tsarin, itace ya matse faranti. In ya matse kada ka fizga, cire batir, ɗaga gungumen da sanda.

Baban Hanifa:
Na gode ƙwarai Baba Alhaji. Na tsaya a kan mai inci 12, batir biyu masu 5Ah, sarƙa biyu. Saura wasa sarƙar, ban san yadda ake yi ba.

Alhaji Mai Katako:
Alamar farko a ƙasa take. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi take zubarwa manya kamar ɓawon gyaɗa, kuma ita ke jan kanta cikin itace. In ka ga gari kamar dusa, kana dannawa da ƙarfi, ta dakushe, kuma batirinka take sha a banza.

Mulmulallen magagari ake sa wa, girmansa ya danganta da sarƙa: 3/8 ƙarama mai 1.3mm na 4.0mm, Oregon 90PX mai 1.1mm na 4.5mm, 1/4 ta Stihl na 3.2mm. Cire batir, sa birki, yi wa haƙorin farko alama da biro. Magagari a kwance, a karkace digiri 30, yawancin haƙora na da ɗan layi a sama da ke nuna maka. Tura daga ciki zuwa waje, ɗaga shi a dawowa. Sau uku ko huɗu kowane haƙori, adadi ɗaya ga kowa. Gama na gefe ɗaya, juya injin, yi ɗayan. In yanka na karkacewa, haƙoran gefe ɗaya sun fi guntu. Bayan wasawa uku ko huɗu, duba ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, a sarƙar 3/8 ƙarama ya zauna ƙasa da bakin haƙorin da 0.65mm. A rage shi da shimfiɗaɗɗen magagari da ma'auninsa, kada a wuce, in ya yi ƙasa da yawa injin zai riƙa fizga.

Sabuwar sarƙa tana saki, bayan yanka biyar na farko ka tsaya ka duba. Sassauta noti, ɗaga bakin faranti sama da hannu, juya sukurun har sarƙa ta kwanta a ƙasan faranti, ɗaure noti bakin na sama. In ka ja ta da yatsa ta ɗan ɗago ta koma da kanta, ƙafafun ba su fita kwarmi ba, ta yi. In da zafinta ka ɗaure, sassauta bayan aiki, don tana tsukewa in ta huce. Duk canjin sarƙa ka kifa farantin ya ci ɗaya gefen. Kuma wajen sakawa, haƙoran da ke saman faranti bakinsu ya kalli gaba, wajen ƙarshen faranti. In ka sa ta a juye za ta yi ta gudu tana hayaƙi ba ta cin komai.